Wanda Ya Fara Goge Rubutun Injiniya

Ƙarnin abincin kifi nake fara tunawa. Ɗakin da muke haɗuwa ranar Asabar yana saman wani shagon abincin kifi da na kaji a Dutse Alhaji, kuma da zarar rana ta ɗaga sai ƙarnin nan ya biyo matakala, ya shigo ya zauna a tsakaninmu kamar shi ma an gayyato shi. Ranar da na fara zuwa ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Na hau motar Kubwa da laftof ɗina a jaka, ina tsammanin za a ba ni aikin rubuta kalmomi masu daɗi. Na kuwa rubuta kalmomi, amma aikin da ya zama sana'ata shi ne sanin inda kowace kalma za ta kwana.

Ku ƙannena da kuka shigo bana, na ji abin da kuke faɗa. Wai aikin Anti Ma'u ai kwafa ne da mannawa, a ɗauko daga nan a ajiye can. Ban ji haushi ba, ni ma haka na zata. Ku gyara zama.

Kududdufi, kamar yadda kuka sani, manhajar waya ce ta masu kiwon tarwaɗa. Tana tuna wa mutum lokacin ciyarwa, da lokacin sauya ruwa, da lokacin ware manyan kifi daga ƙanana kafin su cinye su. Buɗaɗɗiya ce, kowa na iya leƙa cikinta, ya ɗauka, ya gyara, ba a sayar da ita, mu ma ba a biyanmu. Injiniya Bashir ne ya fara ta. Ma'aikacin wata ma'aikatar tarayya ne, yana da kududdufin siminti a bayan gidansa a Kubwa, a ƙarƙashin wani mangwaro mai inuwa. Manhajar kuma tana da gidaje biyu a intanet. Akwai gidan yanar gizo, wanda yake kulle, mutum kaɗan ne ke da mabuɗinsa, kuma ba a sa komai a ciki sai wani ya sake dubawa. Akwai kuma wiki, inda duk wanda ya yi rajista zai iya rubutu, ya kuma gyara na wani.

Anti Rakiya ce ta koya mini aikin. Malamar ɗakin karatu ce, mai maganar ƙasa-ƙasa, kullum da gyaɗa a jakarta. Ita ta raɗa wa gidajen biyu suna.

"Gidan yanar gizon zaure ne," in ji ta, "wikin kuma tsakar gida. Baƙo a zaure yake tsayawa. Yana so ya san gidan wane ne, me ake yi a ciki, ta ina ake shiga. Ba a shanya a zaure, ba a daka a zaure. Amma kuma gidan da ba a shanya, ba a daka, ai ba kowa a ciki."

Aikina na farko jerin wayoyin da manhajar ke aiki a kansu ne. Na tsara shi tsaf, har da hotuna, na ce wannan kam ya isa shiga zaure. Ta ɓare gyaɗa, ta dube shi.

"Wayoyin nan, baɗi suna kasuwa?"

"Wasu za su ɓace, wasu su fito."

"To wa zai fara sani, mu ko mai wayar?"

"Mai wayar."

"Ki kai shi inda hannun mai wayar zai kai."

Da wannan tambayar nake aiki har yau. Abin da ba ya tsufa, kuma za mu iya tsayawa a kansa ko a gaban wa, shi ke zuwa zaure: mene ne Kududdufi, yadda ake sauke ta, wa za a tuntuɓa, da sharuɗɗan amfani da ita. Abin da ke sauyawa da damina da rani, da kasuwa, da irin ruwan unguwa, wannan na tsakar gida ne. Da faɗa sauƙi gare shi. Amma rubutu ba ya zuwa da alama a goshi. Shafi ɗaya zai zo miki rabinsa dutse rabinsa ganye, sai ki zauna ki tsinka shi, ki bar dutsen a zaure da ƙofa ƙarama mai kai mutum ga ganyen.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Laftof, data, da batirin caji don lokacin da aka ɗauke wuta. Sai wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da Anti Rakiya ta hana a yar, domin duk shafin da bai buɗe a kanta ba, ba zai buɗe a Tungan Maje ba. A wiki kuma akwai abin da na fi so, wato tarihin gyara. Duk abin da aka goge yana nan kwance a ƙasa kamar sawun ƙafa a laka, kuma akwai maɓallin da ke maido da shi. Wannan maɓalli ne ya sa tsakar gida ba ta da ban tsoro. Sai dai mu kaɗai muka san haka.

Masu zuwa wurinmu kuwa kowa zaure yake so. Wani Alhaji ya taɓa hawo matakalar nan yana haki, da hotonsa rungume da tarwaɗa kamar jariri, ya ce a sa a shafin farko. Na ce masa akwai shafin hotuna a wiki. Ya ce, "'Yata, ni za ki kai bayan gida?" Sai da Anti Rakiya ta nuna masa cewa a can ne mutane ke yini, zaure kuwa wucewa kawai ake yi, sannan ya yarda, ya kuma ƙaro hotuna.

A wancan lokacin kowane shafi na wiki yana ɗauke da sunan wanda ya fara rubuta shi, a can sama. Mun ga hakan karamci ne. Yawancin shafukan farko kuwa Injiniya ne ya rubuta su. Mutanenmu kuma sai suka shigo intanet da tarbiyyarsu. Idan mutum ya ga abin da bai dace ba a shafin Injiniya, ba zai taɓa shi ba. Sai ya sauka can ƙasa, ya yi sallama, ya gaida Injiniya da iyali, ya yi masa addu'ar ƙarin basira, sannan ya ɗan raɓa maganarsa a gefe. Na gaba ya zo ya gaida Injiniya, ya gaida wanda ya riga shi. Ni a lokacin abin burge ni yake. Ina karanta shafukan kamar ina wucewa ta unguwa da hantsi, kowa na ina kwana.

Sai shekarar zafi ta zo. Bazarar ta yi tsanani, kuma a daidai lokacin mutane da yawa sun koma kiwo a tamfol da tankin roba, don sun fi siminti sauƙin kafawa a gidan haya. Wata safiya aka turo murya a guruf ɗinmu na waya. Mama Ladi ce, wata Bagwariya mai kiwo da bandar kifi a Tungan Maje, wadda ta fi kowa yawan tambaya a guruf.

"Malama Ma'u, ki zo ki gani da ido naki. Wannan waya ya kashe mini kifi."

Na je. Daga bakin titi wari ya tare ni. Tamfol ɗinta na tsakiyar fili, ba inuwa ko ta kara, ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Ta kwashe matattun ta tara a kwando, sauran kuma sun taso sun tsaya a tsaye suna haɗiyar iska. Muka ja bokiti tare, muka sauya ruwan, muka kafa rumfar buhu. Da muka zauna ta miƙo mini wayarta, a buɗe a shafin ciyarwa.

"Ga shi. Oga ya ce a ba su abinci rana tsaka. Ni na ba su."

Haka kuwa aka rubuta. Kuma ba ƙarya Injiniya ya yi ba, a kududdufinsa na siminti, a inuwar mangwaro, ciyarwar tsakar rana ba ta taɓa cutar da kifi ba. A tamfol mai zafi kuwa abincin da ba su ci ba ruɓewa yake, ya ɓata ruwan. Na yi ta jan shafin ƙasa, na wuce gaisuwa, na wuce addu'a, sai ga wani mai kiwo daga Gwagwalada ya rubuta tun bara: "Allah ya ƙara wa Injiniya lafiya. Maganarsa gaskiya ce. Sai dai mu masu tamfol, idan da hali, wataƙila a ɗan jira rana ta yi sanyi."

Na karanta mata. Ta tafa hannu.

"To wannan mutum, tunda ya sani, me ya sa bai goge na sama ba?"

"Mama, ke da kin sani, za ki goge?"

"Ni? In goge rubutun Oga? Allah ya kiyaye! Uwata bai haife ni haka ba."

Asabar ɗin da ta biyo baya ba a ci gyaɗa ba. Injiniya ya riga ya gyara shafin da hannunsa tun daren da ya ji, ya kuma kai wa Mama Ladi 'ya'yan kifi daga nasa. Amma ransa a ɓace yake.

"A rufe wikin nan," in ji shi. "A kwashe abin kirki a kai zaure, inda ido biyu ke duba komai."

Anti Rakiya ta ce, "Oga, zauren da idan ka yi tafiya sai ka dawo ake buɗe shi? Can ma shafin nan tsufa zai yi."

"Can aƙalla na san nauyin a kaina yake. Nan kuwa ina barci da sanin wani zai gyara, shi ma yana barci da sanin ni na rubuta. Amfanin wiki shi ne wani ya gyara wani. Idan ba a yi, allon gaisuwa ne kawai." Ya juyo gare ni. "Asma'u, ke ce mai tsakar gida. Daga nan zuwa ɗaukewar damina, idan ban ga masu kiwo suna gyara rubutun juna da hannunsu ba, za a rufe. Ban da ku masu mabuɗi."

Na san abin da zai tafi idan aka rufe. Yadda ake yi idan an ɗauke wuta ba a samu jan ruwa daga bohol ba. Wace unguwa ce ruwanta ke da tsatsa. Dabarar rumfar buhu. Duk ƙananan abubuwan da ba mai iya rantsuwa a kansu har su shiga zaure, amma su ke raya kifi. Zaure ba zai ɗauke su ba, kuma ba su da wani gida.

Wannan daminar a kan allo na yi ta. Na sake raba komai daga tushe. Gargaɗin da rai ya rataya a kansa, wanda ba ya sauyawa, na kai shi zaure a gajeren layi: duk shawarar ciyarwa ta danganta da irin wurin kiwonka, shiga nan ka zaɓi naka. A wiki na tsaga shafin ciyarwa, na siminti daban, na tamfol daban, na roba daban. Gaisuwa kuma na yi mata ɗaki nata, don ba zan kori sallama daga gidan Hausawa ba. Sannan na cire sunaye daga saman shafuka gaba ɗaya, na buɗe sabon shafi a zaure mai suna Masu Hannu a Ciki, na jera kowa a can. Wannan ya yi wa mutane daɗi ƙwarai. Alhaji mai hoto ya kira ni ya sa mini albarka, wai ga shi ya shiga zaure a ƙarshe.

Amma ba wanda ya goge ko wasali. Ashe sun san rubutun Injiniya kamar yadda ake sanin takun maigida. Shi kaɗai ke fara kowane sakin layi da "Da farko dai". Na yi bayani a guruf, na nuna maɓallin maidowa, na ce ba abin da ke ɓata. Aka yi mini godiya, aka yi mini addu'ar miji nagari. Masara ta nuna, aka fara gasa ta a bakin titin Bwari, ruwan sama ya fara jinkiri tsakanin zuwa da zuwa, tarihin gyara kuwa shiru kamar rijiyar da aka daina ja.

Wata Asabar muna zaune ni da Anti Rakiya, na buɗe tarihin sai na ga ja, alamar an goge rubutu. Wani da ya yi rajista da sunan Sabon Shiga ya shiga shafin bandar kifi, wanda Injiniya ya rubuta, ya share shi tas. A madadinsa ya rubuta: "Ni ban daɗe da farawa ba, amma a ganina a hura wuta sosai don kifin ya yi saurin gasuwa. Idan na yi kuskure a gyara."

Guruf ya kama da wuta. Wane marar kunya ne wannan? Ɗan gidan wa? Na kai hannu kan maɓallin maidowa, Anti Rakiya ta dafa ni.

"Bari tukuna. Zuba ido."

Kafin la'asar sai ga wani jan. Mama Ladi ce. Da yatsa ɗaya take rubutu, amma ta share na Sabon Shiga ba ta bar ko ɗigo ba, ta rubuta nata: a wanke da gishiri, a lanƙwasa, a jera a kan garwashi, ba harshen wuta ba, a riƙa juyawa. A wurin da ake faɗin dalilin gyara kuma ta sa: "Kai yaro, wa ya koya maka? Wuta mai ƙarfi zai ƙona bayan, ciki ɗanye. Banda haƙuri ne. Ka je ka tambayi uwarka."

Rubutun Oga ba ya taɓuwa, amma na yaro marar kunya kowa na da hannun taɓa shi. Washegari mutumin Gwagwalada ya shigo ya gyara wa Mama Ladi maganar gishiri, ya ce ya yi yawa. Ta dawo ta rage rabi, ta ce sauran rabin ba ta bari. Wata mata daga Kubwa ta ƙara irin itacen da ba ya sa ɗaci. Sabon Shiga kuwa bai daddara ba. Ya faɗa shafin ware kifi, ya faɗa na sauya ruwa, duk inda ya ga "Da farko dai" sai ya share ya sa nasa, mutane kuma na biye da shi suna gyara ɓarnarsa. Kafin su ankara sun saba. Ranar da na ga wani ya gyara wani tsohon layin Injiniya kai tsaye, ba tare da Sabon Shiga ya riga shi ba, na sauka shago na sayo wa kowa lemo.

Da damina ta ɗauke, Injiniya ya zo miting, ya daɗe yana karanta tarihin gyara.

"Na ga an yi mini aski," in ji shi.

"Oga, yaro ne, a yi masa haƙuri," na ce.

"Ai shi ma na ga an yi masa. A bar wikin."

Yaron nan kuwa na ɗauke shi kamar ƙanena. Ina tura masa saƙo ta wiki: ƙanena, ka rage gaggawa, ka karanta kafin ka share, kuma ka riƙa sa aya. Ya amsa, "To Anti, na gode, zan gyara." Na gayyace shi miting ba sau ɗaya ba, kullum sai ya ce Asabar yana da uzuri. Mama Ladi ta ce tunda yana jin magana, idan ya zo Tungan Maje za ta ba shi kifi banda kyauta, bayan ta ja masa kunne.

Don haka idan na ce muku wannan na zaure ne, wancan na tsakar gida, ba tsawon rubutun nake aunawa ba, ba kuma kyansa ba. Ina tambayar kaina ne, ranar da maganar nan ta tsufa, wa zai fara gani, kuma zai iya ɗaga hannu ya taɓa ta? Idan kunya za ta riƙe hannunsa, to aikina bai ƙare ba, ko da na ajiye ta a inda ya dace.

Shekaru sun shuɗe kafin aka yi wa Injiniya canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Ya kira ni da Anti Rakiya ɗakin nan na sama don ya miƙa mini babban mabuɗin zaure. Ƙarnin abincin kifi na nan yadda na san shi. Ya buɗe laftof ɗinsa, ya juyo da shi gabana don in sa sabuwar kalmar sirri, sai wiki ya fara buɗewa. A kusurwar sama, inda sunan mai shiga ke fitowa, an rubuta Sabon Shiga.

Na dubi allon, na dubi furfurar gemunsa. Anti Rakiya ta ɗaga kai tana nazarin silin, tana ɓare gyaɗa.

"Oga," na ce, "kai ne na ce wa ka riƙa sa aya?"

"To Anti," in ji shi, "ai na gyara."

Ya roƙe ni abu ɗaya, kada Mama Ladi ta ji. Har yau idan ta gan shi sai ta rusuna ta gaishe shi, Oga sannu, Oga ya iyali. Ita ba ta karanta dogon rubutu, don haka wannan labarin da na rubuta muku ba zai kai gare ta ba sai ta bakinku, ku riƙe shi. Ko a makon jiya ta kama Sabon Shiga a shafin tankin roba, ta share masa layi biyu, ta rubuta a ƙasa: "Kai yaron nan, shekara nawa yanzu, har yau ba ka girma ba?"